Muntaka Magini da Ɗakin da Ya Toshe

Arewa da Ɗambatta, inda gona ke bin gona har ba a gane iyaka sai da layin gamba, akwai wani ƙauye da ake kira Kukar Yamma. Gidan dagacin ƙauyen ya girmi jihadi. Zaurensa ɗaurin guga ne, bakan gizo biyu sun haɗu a tsakiyar rufi, azarar kuwa ta giginya ce da ta yi baƙi don tsufa. Kaurin bangon ya kai mutum ya kwanta a kai ya yi juyi. Kakannin Muntaka ne suka gina shi, kuma tun daga lokacin ba wanda ke taɓa bangon sai ɗan gidansu.

Muntaka ya tashi a cikin laka. Mutum ne dogo, marar yawan magana, mai faɗin tafin hannu. Da an gama girbi sai ya sa a haƙo jar ƙasa daga kududdufin bayan gari, a kwaɓa ta da ciyawa da kashin doki, a bar ta ta ruɓa, sannan ya hau ya yi yaɓe, ya bi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa mai hana ruwan sama cin bango. Matarsa Larai takan ce ita dai ta auri bango ne, mutumin ya zo a gyara. Bai taɓa musa mata ba. Burinsa guda ne a duniya, kada zauren nan ya faɗi a hannunsa.

Gidan ya sha canji kafin zamaninsa. Da mulki ya koma hannun Fulani, sai aka kankare zanen ƙadangaru da macizai da ke saman ƙofa, aka yi masallaci a gefen gabas, aka ɗora bene a kan shigifa. Abu ɗaya ne ba a taɓa ba. A bangon yamma na zauren akwai wata gajeriyar ƙofa da ke gangarawa wani ɗaki marar taga. Ba wanda ya san abin da masu gidan na farko ke yi a ciki. Ba a shiga, ba a ajiye kaya, sai sanyi da ke fitowa daga bakinsa ko da bazara.

Dagaci Dabo ne ya gaji da ganin ƙofar. Ya kira Muntaka, lokacin yana cikin ƙarfinsa, ya ce a toshe ta.

Magina na da al'ada a kan irin wannan aiki. In za a toshe ɗaki, sai magini ya leƙa ya yi sallama, ya ce wa duk wanda ke ciki ga abin da za a yi, sannan ya bar wata ƙaramar kafa a sama, daidai shigar hannu. Muntaka kuwa a shekarun nan ya duƙufa ɗaukar karatu wajen liman, yana ganin wannan duk saura ne na maguzanci.

Taubashinsa Tasi'u, wanda ke miƙo masa tubali, ya ga an kusa kai ƙarshe, ya ce, "Malam na laka, ba ka yi wa masu ɗaki sallama ba."

Muntaka ya ce, "Wane masu ɗaki? Jemagu?"

"Ko jemage ne ai ya riga ka zama a gidan. Bar masa kafa."

"Miƙo tubali, matsoraci. Kai da ko inuwarka ka gani sai ka gaishe ta."

Tasi'u ya ce, "Ina gaishe ta mana, shi ya sa muke zaman lafiya. To ga shi. Amma in an tambaya, hannunka ne, ba nawa ba."

Muntaka ya liƙa tubalin ƙarshe, ya yaɓe wurin sumul.

Damina ta wuce lafiya. Sai da bazara ta yi tsanani, ƙasa ta tsage, rijiyoyi suka ja baya, sannan aka ga bangon yamma ya yi gumi. Danshin bai bazu ba, ya tsaya daidai siffar ƙofar. Muntaka ya kankare, ya sake yaɓewa, danshin ya dawo. Awakin da suka saba goga jiki a bangon ta waje suka daina zuwa. Bayan azahar, lokacin da gari ke yin tsit, masu zama a zauren sukan ji wani sauti daga ciki, ɗas, ɗas, a hankali. Fadawa suka ce ɗigar ruwa ce. Muntaka kuwa ya san sautin. Haka laka ke yi in an maka ta a bango.

Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru. Tasi'u ya rasu, Dabo ya rasu, ɗansa Basiru ya gaje shi. A lokacin mutane sun ƙaurace wa zauren, shari'a ma a gindin ɗorawa ake yi. Muntaka kaɗai ke shiga, gemu ya yi fari, yana yaɓe wurin da ba ya bushewa.

Wata rana Basiru ya aika a kira shi. Ya ce, "Baba Muntaka, na sa a zo da masu diga. Zauren da ba a zama a ciki ba zaure ba ne. A rushe, ka gina mini sabo."

Muntaka ya ce, "Ranka ya daɗe, azarar nan ko gara ba ta taɓa ba."

"Na sani. Amma baƙo ya zo daga birni na rasa inda zan sauke shi. In ce masa me? Bangona na gumi?"

Muntaka ya roƙi a ba shi zuwa la'asar.

Larai ta bi shi har ƙofar gida tana cewa, "Malam, da tsufanka? Ka bar su su rushe abinsu." Ya ɗauki ƙaramin gatarinsa ya fita.

Rana na tsakiyar sama ya shiga zauren. Basiru ya tsaya a bakin ƙofa, masu diga na bayansa suna leƙe. Muntaka ya je gaban danshin, ya durƙusa kamar mai gaida babba, ya ce, "Salamu alaikum, masu ɗaki. Ni ne na toshe, ban yi sallama ba. Ga ni na zo."

Sautin da ke ciki ya tsaya.

Ya miƙe ya fara sara a sama, inda ya kamata a bar kafa tun farko. Da tubalin ya faɗa ciki, ba a ji ƙarar faɗuwarsa ba. Iska mai sanyi ta fito da ƙanshin ƙasar da aka kwaɓa yau. Muntaka ya zura hannu har kafaɗa, ya shafa bayan ginin. Da hannunsa ya jera tubalan nan, ta waje kaɗai ya yaɓe, ya kamata ciki ya kasance da kaushi. Sai ya ji shi sumul, da sawun yatsu a jere, aikin gwani, kuma ɗanye.

Yana shirin janye hannu sai aka ɗora masa wani abu a tafi, a hankali, yadda mai miƙo laka ke yi wa magini. Ya fito da hannun. Curin laka ne, an kwaɓa shi da kyau, daidai abin da zai isa gyaran bakin kafar.

Masu diga suka ja da baya. Basiru ya dubi curin, ya dubi kafar, leɓensa na motsi da addu'a. Muntaka kuwa ya ce, "Madalla," ya shiga shafe gefen ramin da lakar, yana zagaye shi da babban yatsa har ya yi kyau.

Basiru ya juya ya ce wa mutanensa, "Ku mai da digoginku gida."

Kafin sati bangon ya bushe. Fadawa suka komo da tabarminsu, ko da yake ba wanda ke jingina da bangon yamma. Muntaka ya ci gaba da yaɓen zauren har shekarar da aka fara basasar Kano, lokacin da ƙafa ta hana shi hawa tsani, kuma a cikin wannan shekarar ya rasu. Maginan da suka biyo bayansa sun canza indararo, sun sake zankwaye, amma in sun zo kan kafar nan sukan yi sallama su zagaye ta.