Manzo Magatakarda da Matar da Ba Ta Faɗin Sunan Ɗanta

Da sunan Allah na fara. Labarin Manzo ne, magatakardan biron Gure, wato ofishin Nasara masu mulki, Allah ya jiƙansa. Na san shi don tun da maigidana ya rasu nake sayar da fura a gindin tagar biron, ina jin abin da ake yi ciki ko ban so ba.

Ɗan manoma ne. Yana ƙarami aka ce kowane bulama, wato mai gari, ya ba da yaro ɗaya a kai lakwal, makarantar Nasara, sai aka ba da shi don ubansa ba shi da mai tsaya masa. A Damagaram ya koyi Faransanci da rubutun Nasara. Ya dawo da ciwon ƙirji da wata baƙar hula da ba ta rabuwa da kansa.

Aikinsa ba ya ƙarewa. Shi ke rubuta mutanen kowane gari da dabbobinsu in an fita ƙidaya. Shi ke ba fatake takardar hanya, ya buga hatimi. In an kawo rigimar rijiya ko ta gona, shi ke tsayawa tsakani, ya mai da Hausa da Barbarci zuwa Faransanci, ya dawo da hukunci. Mutane na gaishe shi da rana, suna zaginsa a gida. Kumandan kuwa, Baturen da ke shugabantar biron, bai taɓa yarda da shi ba, don magatakardan da ya riƙe kujerar kafinsa an kama shi yana juya magana, aka ɗaure shi. Tun daga nan Kumandan ya koyi ƴar Hausa, yana sa kunne ga duk abin da aka faɗa.

Bayan shekarar fara aka zo ɗaukar soja. Aka jera samari a rana, likita na duba haƙora da ƙirji. Cikin waɗanda aka ware har da wani Haruna daga Gidigir. Bulamansu ya ce maraya ne, kuma shi kaɗai uwarsa ta haifa, shi ke noma mata. A dokar Nasara irin wannan ba a ɗaukarsa. Sai dai samari da yawa sun yi wannan ƙarya, har da masu aron tsohuwa a kasuwa. Kumandan ya ce a kawo uwar ta faɗa da bakinta.

Aka shigo da ita. Yabawa sunanta, siririya, ƙafafunta duk ƙura. Ta durƙusa ta ba ɗan baya.

Kumandan ya yi magana, Manzo ya mayar. "Inna, ya ce wannan ɗanki ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗan mutane ne."

Haruna ɗan fari ne. Mu nan mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta cewa nata ne a gaban jama'a. Kunya ce da muka tashi da ita, wadda ta karya kuwa sai a yi ta nuna ta.

Kumandan ya ɗago. Ya ji "ɗan mutane" sarai. Manzo ya fara yi masa bayanin al'adar, Kumandan ya ɗaga masa hannu, ya ce ya sha jin irin wannan daga bakin masu fassara, abin da ta faɗa kawai yake so. Ya ƙara da Hausarsa mai kaushi, yana nuna yaron: "Suna! Suna!"

"Inna," in ji Manzo, "ki faɗi sunansa sau ɗaya. Allah ba zai kama ki ba."

"Kai ɗan nan, ba ka da uwa ne? Ka san abin da kake ce in yi?"

"Na sani. In ba ki faɗa ba, gobe yana hanyar Damagaram."

Wani gardi, cikin ƴan sandan bariki, ya yi dariya daga ƙofa. "Tsohuwa, an biya ki ba a gaya miki sunan ba ko?"

Ba ta kula shi ba. Na ga leɓenta na motsi, ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Ba taurin kai ba ne. Harshen ne bai taɓa ɗaukar sunan ba tun ranar da aka raɗa shi. Haruna na tsaye ba riga, hawaye na zuba, shi ma ba ya iya cewa "inna ce" ya kunyata ta. Kumandan ya tura wa Manzo alƙalami ya ce ya rubuta a wuce ga na gaba.

Manzo ya tsoma alƙalamin a tawada. Sai ya ajiye. Ya roƙi izinin tambaya biyu, ya ce zai yi su a hankali yadda Kumandan zai ji kowace kalma, in an same shi da ƙari a ɗaure shi. Kumandan ya dube shi ya daɗe, sannan ya gyaɗa kai.

"Inna, cikin annabawa, sunan wa yaron nan ya ci?"

Ta ce, "Ɗan'uwan Annabi Musa. Wanda ya raka shi wurin Fir'auna."

Manzo ya mayar. Ashe su ma Nasara sun san shi a littafinsu. Kumandan ya furta sunan da irin nasu bakin, ya dubi yaron.

"Ina aka binne mabiyiyarsa?"

"A bayan ɗakina." Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ni na sha ruwan zafin. Ban sake yin wani ba."

Kumandan ya sa aka maimaita masa maganar wankan jego. Ya tambayi likita, likita ya ce haka matan ƙasar ke yi bayan haihuwa. Sai Kumandan ya yi wa gardi alama da hannu, aka jefa wa Haruna rigarsa.

Ta fita ba ta dube shi ba. Ya biyo ta daga nesa, suka kama hanyar Gidigir haka, ita gaba shi baya.

Amma adadin da Damagaram ta nema sai ya cika. Kafin la'asar aka jawo wani yaro daga Alakos, mai ƴan'uwa da yawa, Manzo ne ya rubuta sunansa da hannunsa. Da Manzo ya fito na miƙa masa fura, ya riƙe ƙwaryar bai sha ba.

Ya ci gaba da aikin har ciwon ƙirjin ya kwantar da shi. A zaman makokinsa na ga wani dogon saurayi ya sauke damin gero a ƙofar gida, ya yi addu'a ya tafi. Iyalin ba su san shi ba, ni ce na gaya musu Haruna ne. Allah ya yi wa Manzo rahama, ya sa ya huta.