Kayen da Yaya Hamidu Ya Bar Mini

Shekara tara ke nan da muka binne yayana, Mushe Hamidu, malamin lekol, wato makarantar boko; a wajenmu mushe ake ce wa malamin boko. Ni direban kamiyo ne, babbar motar kaya, na tsallaka gadar Gaya fiye da yawan gashin kaina, ko da yake gashin yanzu da yatsu ma a ƙirga shi. Ɗan lissafin da ke cikin wannan kan kuwa, duk nasa ne.

Yaya bai yarda yaro ya haddace abin da bai taɓa da hannunsa ba. Kowane ɗalibi sai ya zo da karan gero, a yayyanka, a ɗaure goma-goma da kaba. In za a cire bakwai daga talatin da biyu, sai ya ce, da Hausa ko da Dandanci, a kwance dami ɗaya. Zamanin kuwa Faransanci kaɗai aka yarda a ji a aji. Wani mai duba makarantu ya shigo ya tarar da aji kamar masussuka, ya rubuta abin da ya rubuta, aka jefa Yaya wani ƙauye can bayan Yelu. Ni har tsiya na riƙa yi masa, ina kiransa mushen awaki. A can ciwo ya kama shi.

Kafin ya cika ya ba ni wani kaye, wato littafin rubutu, mai baƙin bango, inda ya rubuta darussansa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in ajiye wa 'yarsa Rakiya, in Allah ya sa ta zama malama.

Ta zama. Bana aka kawo musu sabon tsarin lissafi: a fara da harshen gida, yara su taɓa abu su ƙirga. Abin da aka kori ubanta a kansa, shi ake tara malamai yanzu ana koya musu. Da yana raye, na san ba zai ce komai ba, sai dai ya tambaya ina karan. Horon kwana kaɗan aka yi musu, littafin jagora bai iso ba, aji kuma cike har bakin ƙofa. Sai Rakiya ta zo neman kayen.

Mako uku ina mata zille-zille. Na ce yana akwati, na ce makulli na Kwatano, na ce wanda ya tafi da makullin ya yi aure a can. Gaskiyar ita ce, ƙarƙashin kujerar mota na cusa shi, wai albarkar Yaya ta riƙa bina a hanya. Wata damina ruwa ya shiga, na ciro shi ya zama kunu.

Ran Juma'ar da ta wuce na faɗa mata. Sai ta tambaye ni:

"Baffa, ka taɓa buɗe shi ka karanta?"

Ban taɓa ba.

Na je bayan gida na karyo kara, na zauna kan tabarma na nuna mata tarawa da cirewa yadda ya koya mini, tana rubutawa. Da muka zo rabawa sai hannuna ya tsaya. A kan wannan darasin ne, ina yaro, na gudu daga lekol na bi mota, Yaya na kirana ina dariya.

Abin da ya rage na shekarunsa a aji ke nan: rabin darasi, a hannun wanda ya fi kowa yi masa ba'a. Rakiya ta tattara karan ta ɗaure goma-goma, ta ce ran Litinin za ta fara da abin da ya samu.