Alkamar Kakana

Ni dai tun ina yaro wautata ta fi tsawona. A lokacin ɗari na shekarar da aka yi mana kaciya, ina tafiya a tattale kamar agwagwa, na tsaya bakin fadamarmu ta Garu na yi wa alkamar kakana dariya har ciwon ya motsa. Wata doguwa, wata gajera, wata ja mai gemu, wata fara, sai ka ce kan da wanzami ya fara aski ya gudu. Ga ta Kawu Idi a gefe, wan innata, da ya sayo sabon iri a kasuwar Malanbil: kai ɗaya, tsaf kamar 'yan lakwal, makarantar boko, a sahu. Lakwal ɗin da ni ban daɗe cikinta ba, gulbi ya fi ta daɗi.

Aikinmu yara shi ne jan jigo da korar tsuntsaye da majajjawa. Kafin a sa lauje kuwa, tsohon kan shiga gonar shi kaɗai yana tsinkar zangarniya daga kowace iri, har da marasa kyan gani. Ya sussuke, ya gauraya da toka, ya zuba a tulu ya liƙe bakin da laka. In baƙi sun ƙetaro daga Gaya, ya ba su tafi guda ya karɓi tasu ya ƙara. Na taɓa ce masa, da yake wasan jika ne, ya bari in tsince masa farar ita kaɗai ko gonar ta yi kama da ta mutane. Ya ja kunnena ya ce, "Ban san wadda ciwo zai so bana ba. Kai ka sani?"

Ɗari na gaba ciwon ya zo. Ganye ya yi ɗigo-ɗigo ja kamar tsatsar tsohon kwano, ka ratsa gona ka fito wandonka ya rine. Ta Kawu ta kamu daga wannan kunya zuwa waccan, ƙwayar ta motse, ko kaji sai sun yi shawara. A tamu farar ta mutu, doguwar ta yi rabi, ja mai gemun nan da na fi rainawa ta tsaya kamar ba a yi komai ba. Ita ta riƙe gida biyu. Kawu ya zo neman iri kansa a ƙasa, tsohon ya auna masa, ya ce kawai kada ya tsince.

Da kakana ya rasu fadamar ta dawo hannuna. Albasa na tashe, na ce alkama ta ɗan jira ni. Iri kuwa ba ya jira. Ran da na fasa lakar tulun, gari na tarar da ƙwari. Na nemi alkamar har garin Gene, kowa ya ce ai yana tsammanin tana wajenmu.

Yanzu fadamar duk ƙarar injin ban ruwa ce, shinkafa iri ɗaya har inda ido ya tsaya. Kyau kam akwai, ni ne dai gabana ke faɗuwa in na gan ta kai ɗaya. Bara da ganyenta ya fara ƙonewa, na zauna ina ba ɗana Sale labarin nan da baki mai daɗi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Baba, shi ya bar maka. Mu fa?"