Kafintan da Ba Ya Yanka Katako Sai Ya Ga Ɗaki

Shekara goma sha tara shagona na aski yana manne da shagon Dogo kafinta. Bangon katako ne tsakaninmu, shi ma shi ya yi shi. Yau wata biyu da rasuwarsa, amma kullum na buɗe shago sai shirun ya yi mini yawa.

Dogo yana da wata ɗabi'a da ta kore masa mutane ba kaɗan ba: ba ya yanka katako sai ya je ya ga ɗakin da kayan za su zauna. Ko ka kawo masa awo a takarda, zai karɓa ya ninke ya ce, "Na gani. Mu je dai." Asalin abin, yana sabon buɗe shago ya yi wa wani mutum sif mai kyau, aka kai, ƙofar ɗakin ta yi masa kaɗan. A gaban maigidan da iyalinsa Dogo ya sa zarto ya raba aikin sati uku gida biyu. Yakan ba da labarin yana dariya, amma daga ranar bai ƙara yarda da awon da ba shi ya yi ba.

Bara ciwon ƙirji ya kama shi, sai ƙanensa, wanda shi ma kafinta ne, ya dawo ya riƙe masa aiki. Mutumin kirki ne, sai dai akwai gaggawa. Dogo kuwa yakan zauna a benci yana kallo yana tari.

Wata rana wata malamar makaranta ta zo neman gado. Mahaifiyarta ta tsufa, ta faɗo daga gadonta sau biyu, yanzu tsoro ya hana ta sauka sai an riƙe ta. Malama kuma tana fita aiki da safe, tsohuwa ta wuni a kwance tana jira.

Ƙanen ya ce, "Gado ai gado ne, Malama. Jibi ki aiko a ɗauka."

Dogo ya buga bangon nan namu. "Kai mai aski, ajiye kan mutane ka tayar da babur."

Na leƙo na ce, "Da wannan tarin? Ka faɗo a hanya in ce wa matarka me?"

"Ka ce mata tuƙinka ne. Za ta yarda."

Ƙanen ya ce, "Yaya, don Allah ka zauna, ni in je."

Dogo ya ce, "Kai bango za ka auna ka dawo."

Na goya shi. Yadda ya riƙe ni a hanya na san ciwon ya ci jikinsa, don hannunsa ba nauyi. Da muka shiga ɗakin ko kallon bango bai yi ba. Ya gaida tsohuwa, ya durƙusa da ƙyar, ya ce, "Inna, sauko mini da ƙafafunki." Ta sauko da su, suna lilo, ba su kai ƙasa ba. Ya sa tef daga gwiwarta zuwa diddige.

Ta ce, "Ɗan nan, gado za ka yi mini ko wando?"

"Duk wanda kika fi so, Inna."

Ya tambaye ta da wane hannu take dafawa in za ta tashi, ta ce na hagu, na daman ya daina jin magana. Ya ciro fensir daga bayan kunne ya rubuta. Ni na ɗaga shi daga durƙuson.

Kwana uku bayan nan aka kwantar da shi a asibiti. Ƙanen ya zo duba shi, kafin ya gama gaisuwa Dogo ya ce, "Ka rage ƙafafun gadon?"

"Yaya, zai yi gajarta fa. Mutane za su ce ban iya aiki ba."

"Mutane ne za su kwanta a kai? Ka rage. Kuma ka sa mata madafi a hagu."

Ƙanen ya yi yadda aka ce, yana yi yana mita. Dogo bai ga gadon ba. Ranar da aka shafa masa fenti na biyu Allah ya karɓi abinsa.

Shekaranjiya Malama ta biyo ta shagon, ba ta ma san ya rasu ba. Ta zo ne ta gaya masa cewa ta dawo daga makaranta ta tarar da Inna zaune a tsakar gida tana shan iska, ita kaɗai ta sauko, har tana faɗan an bar mata tsintsiya a hanya. Ƙanen ya saurara har ta gama, sannan ya gaya mata. Ta zauna a bencin ta rufe fuska da mayafi.

Ni ina da mutum a kan kujera, rabin kansa a aske. Na ce masa ya yi mini haƙuri na minti biyar, na fita bayan shago. Allah ya jiƙanka, Dogo, mutumina. Inna tana sauka da kanta.