Baffa Ya Sha Ruwa Da Tsakar Rana

Wata rana cikin azumin da ya wuce, wata yarinya a Gumel ta kusa ganin an tsine wa baffanta a gaban idonta.

Mu ce sunanta Nusaiba. Aji huɗu take a sakandare, irin yaran nan da ko atishawa za su yi sai sun nemi lungu.

Baffanta Shafi'u ya tafi karatu Malesiya wata biyu ke nan. Kakarta, Iya Tabawa, ta matsa a kira mata shi ta bidiyo, ta ga ko azumi ya ramar mata da auta.

Sha biyu da rabi na rana. Zafi ya kai ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu.

Nusaiba ta kira. Ya ɗauka.

Da kofi a bakinsa. Ga shinkafa a gabansa, ga kankana.

Carbi ya suɓuce daga hannun Iya.

"Shafi'u, me nake gani?"

"Iya, ina wuni? Wallahi yanzun nan muka sha ruwa."

"Kuka sha ruwan gidan uban wa? Ko azahar ba a kira ba!"

Sai sabis ya ɗauke.

Iya ta zauna daɓas a tabarma. Yaron da ta yanka wa rago ranar saukarsa. Yaron da tun yana shekara tara bai taɓa ajiye azumi ba. Wata biyu kacal a ƙasar mutane!

"Sake kira min shi," ta ce. "Magana ɗaya zan faɗa masa. Daga ita ba ni ba shi."

Kun dai san bakin uwa.

Mazan gidan duk suna kasuwa. Maman Nusaiba kuwa surukar Iya ce, ba ta iya musu da ita, sai salati take daga bakin murhu.

Nusaiba ta tsaya da waya a hannu. Ta san an koya musu wannan abin na bambancin lokaci a makaranta. Malam ya ja layuka a jikin taswira, ya ce in ka yi gabas ka ƙara awa, in ka yi yamma ka rage.

Ko yamma ce ake ƙarawa?

Biyu cikin goma ta ci a gwajin. Malesiyar ma ba ta san ta wane ɓangare take ba.

Ta ɗauko lemo ɗaya cikin na buɗa-baki.

"Iya... wai duniya kamar lemon nan take. Wai juyawa take yi..."

"Juyawa? Ke 'yar boko, shekara hamsin ƙofar ɗakina na kallon gabas. Yaushe ta juya ban ji ba?"

Nusaiba ma tambayar da ta so yi a aji ke nan, kunya ta hana ta.

Sai wayar ta yi ƙara. Baffa ne.

Iya ta miƙo hannu, ta ja dogon numfashi.

Nusaiba ba ta ba ta ba. Har yau ba ta san inda ta samo ƙarfin halin ba.

"Baffa, buɗe taga."

"Taga kuma?"

"Don Allah nuna wa Iya sama."

Ya buɗe. Sama ta yi jaja-jaja, duhu ya fara sauka. An kunna fitilun titi, mutane na fitowa daga masallaci.

Iya ta kalli waya. Ta ɗaga kai ta kalli sama. Ta sake kallon waya.

"Ina ranar taku?"

"Ta faɗi, Iya."

"Ta faɗi ina? Ga ta nan a kaina tana gasa ni!"

"Ai daga nan ta wuce wajenku."

Iya ta riƙe haɓa.

"Au, haka kuke yi? Ku gama da ita, ku turo mana ita da zafinta?"

Dariya ta ƙwace wa Mama a bakin murhu.

Gaskiya Iya ba ta gane ba. Nusaiba ma ba ta gama ganewa ba. Amma maganar nan da Iya ta ɗauko, ta haɗiye abarta.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. "Ci abincinka. Amma kau da kankanar nan daga gabana, ni da sauran aiki."

Darasi: kafin ka yanke wa mutum hukunci da ranar da ke kanka, ka leƙa tagarsa tukuna. Kuma ko biyu cikin goma ka sani, in shirunka zai ja wa wani baki, ka yi magana.

Wanda ke da ɗan'uwa a nesa, ya tura wa tsofaffin gidansu labarin nan. Amma don Allah kar ya kai Gumel.