Buhun Guzurin Baba

Har yau da furfura ta gama cin kaina ban gane ba: yaya hanyar da ta cinye kakana ta zama tafiyar wuni guda? Jikata da ke rubuta mini wannan ta ce daga Kano zuwa Jidda yanzu ko wunin ba a yi. Na ji dai.

Wata Laraba ce a farkon damina, saura 'yan shekaru Turawa su tafi, ina ƙaramar yarinya ina korar tsuntsaye daga shanyar kifi a gidanmu na Haɗeja, sai ga Idi, ɗan ƙanen Baba, ya shigo da buhu a ka. Shi ya raka Baba Kano don ya hau jirgin sama zuwa Makka. Buhun kuwa na guzurin Baba ne, ko ɗaurin ba a kwance ba. Kaka na ganinsa ta zube ƙasa tana salati, don haka aka yi mata a da: mijinta ya tafi hajji a ƙasa ta Barno, ta yi shekaru tana jira, a ƙarshe kayansa aka kawo mata. A wurinmu, in kaya suka dawo babu mai su, an san abin da ya faru. Kafin Idi ya sauke numfashi mata sun cika gida da kuka.

Da kyar ya samu bakin magana. Ya ce a filin jirgi auna kaya ake yi, aka ce buhun ya yi nauyi, Baba ya tashi ya bar shi. Dole ya yi nauyi. Wata guda muka yi muna dakan gero, muna bandar kifi, muna ƙulla kuka da daddawa, guzurin mai shekaru a hanya. Baba ma sallama ya yi irin ta mutanen da can: ya nemi gafarar kowa, ya ba Idi kwalekwalensa, ya daɗe yana kallon fuskata. Kaka ba ta yarda da bayanin ba. "Matafiyi babu guzuri, gawa ce," in ji ta. Kullum in na gama ɗebo ruwa, ƙawayena na 'yar gala-gala, ni ina bakin kogi ina duban hanya.

Ruwa bai gama malala cikin fadama ba, gero ko kai bai fitar ba, sai ga Baba a ƙofar gida, har ya yi ƙiba. Kaka ta shafa shi tun daga kai har ƙafa, sannan ta ce, "Kai Audu, faɗi gaskiya, a Kano ka tsaya?" Ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Tuwon buhun nan muka ci har kaka.

Idi ya mayar da kwalekwale yana gunaguni. Daga baya shi na aura, kuma duk zamanmu bai daina tsokanata da buhun nan ba. Yanzu mutane na zuwa Makka su dawo kafin a lura ba sa nan, babu mai neman gafara a ƙofar gida. Ni kuwa bana na rasa Idi, kuma kukan bai bar ni ba. Ranar da zai cika ina gyara masa matashi, ya riƙe hannuna yana murmushi, ya ce, "Hajo, wannan tafiyar ma ba a yarda da buhu. Kada ki je bakin kogi jirana."