Irin Tumatir a Jikin Rumbu

Surukata ba ta taɓa ajiye irin tumatir a kwalba ba. Idan nata ya nuna, sai ta zaɓi mafi girma, ta matse shi a tafin hannu, ta shafa a jikin rumbu, gefen da ruwan sama ba ya bugu. Nan zai bushe ya manne har damina ta zagayo. Daga Danko ta taho da irin tun tana amarya. Tumatir ne mai tsaga-tsaga kamar ƙaramar kabewa, mummuna a ido, ba mai kallonsa a kasuwar Zuru.

Shekarar da ta rasu maigidana ya bar aikin soja, ya dawo gida da zafin gyara komai. Wata safiya na dawo daga rijiya, na tarar ya kawo magina suna yaɓe rumbun da siminti, saura ƙiris su rufe baƙin tabon irin tumatirin nan. Na dire bokiti, rabin ruwan a ƙafata, na ce su dakata. Maigidan ya ce ai dauɗa ce. Da na buɗe baki da maƙwabta sun sha kallo. Na ɗauko wuƙa na kankare tabon a murfin kwano. Bai cika cokalin shayi ba, rabinsa ma ƙasa ce. Idan wannan bai tsiro ba, irin tsohuwa ya ƙare ke nan.

Na shuka a tsohon baho, na rufe da gidan sauro saboda kaji. Kullum sai maigidan ya tsokane ni, wai shi da ya yi yaƙi bai samu wannan gatan ba. Biyar suka tsiro, uku suka rayu. Na mayar da su bayan ɗaki, na kafa musu sanduna, ina leƙa su fiye da yadda nake leƙa tukunya.

Ran wata Lahadi bayan mun taso daga coci na tsinko na fari. Tun a bariki maigidan ya saba da biredi da tumatir, don haka na tsaga biredi, na jera yanka masu kauri, na barbaɗa gishiri da garin ƙuli-ƙuli, na ɗiga man gyaɗa. Na ajiye masa a gabansa.

Ya gatsa. Ruwan ya gangaro masa har gwiwar hannu, bai goge ba. Ya daɗe yana taunawa.

"Na Inna ne wannan," ya ce a hankali.

"Dauɗar nan ce," na ce. Gaskiya na ji daɗin faɗar haka, ban kuma ɓoye ba.

Da yamma na hango shi a gindin rumbu, riƙe da tumatir mafi girma. Ya matse shi a tafin hannu, ya shafa a kan sabon simintinsa, gefen da ruwa ba ya bugu.